Hadari guda, ruwa a kwari, dusar ƙanƙara a kan dutse: yaya ake yin haka?

Tambaya: Wata Hajiya daga Unguwar Rimi a nan Kaduna ta ce ɗanta yana karatu a Sakramento da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ya shirya tafiya Rino a mota a ƙarshen mako. Sai ya turo mata sanarwar masu hasashen yanayi cewa jerin hadari na tafe daga teku, za a yi ruwan sama a kwari, dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ga kuma iska mai ƙarfi. Tana son ta san yadda hadari guda zai zubar da abu biyu, ko akwai hatsari ga yaron, kuma in dutse ne ke kawo dusar ƙanƙara, me ya sa Jos ba ta samu.

Amsa: Hajiya, Allah Ya raya shi, Ya ba shi sa'ar abin da ya je nema. In fara da abin da ya fi damun ki. A cikin garin da yake zaune, ruwa ne zai sauka irin wanda kika sani, sai dai ya fi namu sanyi kuma ya fi daɗewa yana zuba. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Hanyar da zai bi ita ce abin dubawa, domin tsakanin Sakramento da Rino akwai jerin duwatsun Siyera Nebada, kuma dole mota ta hau su ta sauka. In da ni ne mahaifinsa, zan ce ya ɗage tafiyar har hadarin ya wuce an share hanya. Dalilin hakan yana cikin amsar sauran tambayoyinki, don haka bari in bi su a tsanake.

Abin da ke raba ruwa da dusar ƙanƙara a hadari guda shi ne tudu. Iska tana ƙara sanyi gwargwadon yadda aka yi sama. A matsakaicin lissafi, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da digiri 6.5 a ma'aunin Salsiyas. Mutane da yawa suna mamakin wannan, suna ganin wanda ya hau dutse ai ya fi kusa da rana. To rana ba iska take fara gasawa ba, ƙasa take gasawa, ƙasar ce kuma ke ɗumama iskar da ke kwance a kanta. Bayan haka, a can sama nauyin iskar da ke danne mutum ya ragu, saboda haka duk iskar da ta tashi daga ƙasa sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Ki tsaya wajen mai faci wata rana lokacin da yake sace iskar taya, ki sa hannu a bakin bawul ɗin. Iskar da ke fitowa da sanyinta take fita, ko da tayar ta wuni a rana, don ta fito daga matsi ta samu sarari. Dokar nan ce ke aiki a jikin kowane dutse a duniya.

Sai abu na biyu, wanda ba kowa ya sani ba. A irin waɗancan ƙasashe, mafi yawan ruwan da ke sauka a kan mutane da dusar ƙanƙara yake farawa a cikin gajimare. Saman gajimaren yana wurin da sanyi ya wuce sifili nesa ba kusa ba, tururin ruwa yana daskarewa a can ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu laushi, su haɗu su yi nauyi su fara faɗowa. A hanyarsu ta saukowa akwai wani tsayi da zafin iska yake kaiwa sifili. Daga nan zuwa ƙasa sai su fara narkewa, kuma sukan yi tafiyar kamar mita 300 kafin su gama zama ruwa. Wanda ke kwari, dusar ta samu doguwar hanya ta narke kafin ta iso shi, sai ya ce an yi ruwa. Wanda ke kan dutse kuwa ya tare ta tun ba ta narke ba. Abu guda ne gajimaren ya sako, wurin da kowa ya tsaya ne ya bambanta. Masu hasashe suna ba da tsayin wannan iyaka a kowace sanarwa, kuma a wurina ita ce lambar da ta fi kowace muhimmanci a takardar da yaronki ya turo. In ya ga an ce dusar ƙanƙara za ta sauko zuwa ƙafa 5,000, wato kimanin mita 1,500 ke nan, duk abin da ke sama da nan fari zai yi, abin da ke ƙasa kuma jiƙewa zai yi.

Mu ɗora wannan a kan hanyarsa. Sakramento tana kwance a kwari, tsayinta daga teku bai fi mita 10 ba. Babbar hanya mai lamba 80 da zai bi tana hawa har kimanin mita 2,200 a wajen mashigar Donner kafin ta gangara Rino, tafiyar duka kusan kilomita 210. Ki ɗauka ya bar gida ana yayyafi, ma'auni yana nuna digiri 10. In ya kai ƙololuwa, zafi ya ragu da kamar digiri 14, ya koma 4 ƙasa da sifili. Cikin awa ɗaya da rabi ya fita daga ruwa ya shiga wurin da kwalta ke daskarewa, gaban mota ya yi fari fat, ba ya ganin fitilar wanda ke gabansa. Abin da ke yaudarar baƙo ke nan: yana duba sama daga ƙofar ɗakinsa, ya ga ba komai, ya kama hanya. Sunan mashigar ma daga wani ayarin matafiya ya samo asali, waɗanda dusar ƙanƙara ta rufe a wurin a ƙarshen shekarar 1846, kusan rabinsu ba su fita da rai ba. Yau akwai kwalta da motocin share hanya, amma har yanzu akan rufe hanyar gaba ɗaya idan abin ya yi tsanani.

Shi kansa hadarin ba irin namu ba ne. Nasu yana tasowa ne a arewacin Tekun Fasifik, sau da yawa daga wajen Alaska, inda iska mai tsananin sanyi daga arewa take karo da mai ɗumi daga kudu. A wurin karon sai a samu wani babban yanki mai ƙarancin matsin iska, faɗinsa ya kan wuce kilomita 1,000, iska tana kewaya shi saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa. Can sama, wajen tsayin da jiragen sama ke bi, akwai wata iska mai tsananin gudu da ke tafiya daga yamma zuwa gabas, ita ce ke jan waɗannan yankuna ɗaya bayan ɗaya zuwa gaɓar Amurka. Shi ya sa sanarwar ta ce jerin hadari. Na farko yana wucewa, a samu kwana ɗaya ko biyu na sarari, na biyu ya iso. Kuma saboda yadda iskar ke kewayawa, a gaban hadarin iskar kudu ce mai ɗumi da laima, a bayansa kuma ta arewa maso yamma mai sanyi. Ma'anar wannan ita ce iyakar dusar ƙanƙara ba a tsaye take ba. Takan fara daga can sama, in iskar sanyi ta shigo sai ta gangaro, garin da aka yi wa ruwa da yamma ya wayi gari a rufe. Girman hadarin yana da amfani guda: ana hango shi ta tauraron ɗan'adam tun yana tsakiyar teku, ana iya faɗin ranar isowarsa kwana uku zuwa biyar kafin ya zo. Idan hukumar yanayi ta can ta ce Asabar, to a ɗauki maganar da muhimmanci.

Dutsen ba sanyi kaɗai yake ƙarawa ba, yana ƙara yawan abin da ke zuba. Iskar teku mai laima in ta iso gindin Siyera Nebada ba ta da mafita sai hawa. Tana hawa tana hucewa, tururin cikinta yana komawa ruwa, sai ta juye kayanta a gefen da ta fara taɓawa. Sakramento tana samun ƙasa da milimita 500 a shekara, wasu wurare a gangaren yamma na dutsen suna samun sama da ninki uku na haka, Rino kuma da ke bayan dutsen ba ta kai milimita 200 ba, domin iskar ta iso ta a bushe. Wannan kam ba sai an je Amurka ba. A kudancin jiharmu, iskar damina da ke zuwa daga kudu maso yamma tana cin karo da duwatsun Kagoro da bakin tsaunin Jos, shi ya sa Kafanchan da kewayenta suka fi garin Kaduna ruwa, daminarsu ta fi tsawo, ƙasarsu ta fi duhun itatuwa. Duk wanda ya bi hanyar a watan Agusta ya ga yadda gajimare ke kwanciya a kan dutsen Kagoro alhali ƙasa a buɗe take.

To me ya hana Jos? Abu biyu ne, tsayi da lokaci. Garin Kaduna yana kan mita 600 da 'yan kai, Jos kuma kimanin 1,200. Tazarar mita 600 ta ba da kusan digiri 4, kuma shi ne sanyin da kike ji in kin je can. Duwatsun Shere da ke gabas da Jos sun kai mita 1,829. Chappal Waddi a jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Amma ki yi lissafin daga Kaduna ranar damina mai digiri 28: kafin a kai sifili sai an hau sama da mita 4,000 a kan inda muke tsaye, wato kusan mita 5,000 daga teku. Babu dutsen da ya kusanci haka a ƙasar nan. A yankin Afirka mai zafi irin namu sai irin su Kilimanjaro mai mita 5,895 ne suka leƙa cikin wannan sanyi. Maganar lokaci kuma ita ce ta fi ƙarfi. A Kalifoniya damina da sanyi tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris. Mu kuwa sun raba gari. Lokacin da muke da sanyi, a Disamba da Janairu, iskar hunturu ce daga Sahara, busasshiya, ba ta ɗauke da komai sai ƙura. Lokacin da laima ta zo, zafi ya riga ya dawo.

Na san wani zai ce ai ya ga hoton Jos ta yi fari bayan ruwa. Gaskiya ne, amma ƙanƙara ce mai tauri, irin wadda ke buga kwano kamar ana jifa, ta yayyaga ganyen masara da kayan lambu. Ita wannan a cikin dogon gajimaren tsawa take haɗuwa, inda iska mai tashi ke riƙe ɗigon ruwa a sama yana daskarewa, wani ruwan yana manne masa har ya yi nauyi ya faɗo da gudu, bai samu lokacin narkewa ba. Tana iya sauka a ranar da ake zufa. Jos ta fi mu samunta saboda tudunta ya rage mata tazarar da za ta bi cikin iska mai ɗumi.

Yanzu iska, wadda mutane suka fi rainawa a cikin ukun. Iska tana gudu ne daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kuma gwargwadon bambancin, gwargwadon gudunta. Babban yankin nan mai ƙarancin matsi in ya matso, iska takan tashi tun kafin ɗigon farko, ta wuni ta kwana tana kaɗawa. Sanarwar takan ba da lamba biyu, gudun da iskar ke yi a kai a kai da kuma na bugun da take kaiwa jefi-jefi na 'yan daƙiƙu. Lambar ta biyu ce ke karya reshe ta kifar da tirela. Da mil suke lissafi, don haka in ya ga 50, kilomita 80 ke nan a awa. A kan ƙololuwar Siyera Nebada bugun iska yakan wuce kilomita 160 a awa a babban hadari, kuma a gefen Rino iskar tana gangarowa daga dutsen da ƙarfi har akan hana dogayen motoci bin wasu hanyoyi. A kan dutse iska tana kwasar dusar da ta riga ta sauka ta watsa ta a fuskar direba, ko da sama ta daina zubarwa. A kwari kuma, in ƙasa ta sha ruwan hadari biyu ko uku ta yi laushi, saiwar itace ba ta da abin riƙewa, sai manyan itatuwa su faɗi a kan motoci da wayoyin lantarki. Kada ya ajiye mota a ƙarƙashin itace a irin wannan dare, kuma ya cika wayarsa da caji tun da wuri.

Tamu iskar daban take, kuma kin san ta. A watan Afrilu ko Mayu, an wuni ana zafi kamar ba za a kai yamma ba, ganye ko motsi ba ya yi. Wajen la'asar gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Sai ki ji wata iska mai sanyi ta bugo ƙofa, ledoji da ƙura sun tashi sama, mata suna rige-rigen kwashe shanya, masu tebur a bakin titi suna danne lema. Minti goma ko ashirin sai ruwa ya kece. Wannan iskar daga cikin gajimaren take faɗowa. Ruwan da ke zuba yana ƙafewa a busasshiyar iskar da ke tsakiya, ya sanyaya ta, ta yi nauyi ta rufto ƙasa, ta bazu a gaban hadarin. Irin wannan hadari yakan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa, kuma tsaunin Jos yana cikin wuraren da yake yawan ƙyanƙyashewa. Tamu gajeriya ce amma mai zafin kai, ita ce ke yaye rufin makarantu da gidaje duk farkon damina. Abin yana ci mini rai, domin yawancin rufin da ke tashi ba a ɗaure katakonsa da gini yadda ya kamata ba ne. Hukumar NiMet mai kula da yanayi ta Najeriya tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara da na kwanaki uku a kai a kai, amma hadarinmu yana haɗuwa ne cikin 'yan awanni, don haka za ta iya cewa akwai yiwuwar tsawa da iska a jihar Kaduna, ba za ta iya cewa Kawo ko Sabon Tasha ba.

Akwai wani fanni da ya shafi yaronki ko da bai bar Sakramento ba. Mutanen Kalifoniya murna suke yi da dusar ƙanƙara a kan dutse, don ita ce ma'ajiyar ruwansu. Tana kwance har bazara, ta riƙa narkewa a hankali tana cika koguna da madatsu a watannin da ba a ruwa, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da jihar ke amfani da shi daga nan yake. Abin da suke tsoro shi ne hadari mai ɗumi. Wani lokaci laimar takan zo a wani dogon zirin iska daga wajen Hawai, iyakar dusar ta haura sama sosai, sai ruwan sama ya zuba a wuraren da aka saba samun dusa, har a kan wadda ta riga ta taru. Abin da ya kamata ya zauna a dutse wata uku sai ya gangaro cikin kwana uku. A Fabrairun 2017, bayan irin wannan jerin hadari, mafitar ruwan madatsar Oroville da ke arewa da Sakramento ta lalace, aka kwashe mutane sama da 180,000 daga garuruwan da ke ƙasanta. Saboda haka in kin ji an ce iyakar dusa ta yi sama, alheri ne ga direba, amma mazaunin kwari sai ya sa ido a kan kogi. Mu ma da ke zaune a bakin Kogin Kaduna mun san haka: kogin daga tsaunin Jos yake tasowa, kuma yakan cika ya shiga gidajen Kigo Road a ranar da garin bai ga ruwan kirki ba, saboda abin da ya zuba can sama kwanaki kafin nan.

In tafiyar ta zama dole, Hajiya, ga abin da za ki tambaye shi. Ya duba shafin hukumar kula da hanyoyi ta jihar a safiyar ranar, ba daren jiya ba, ya ga ko hanyar a buɗe take da kuma ko an wajabta sarƙa. A lokacin dusa akan tare motoci a shingen bincike, wadda ba ta da sarƙar da ake ɗaura wa taya ko tayoyin da doka ta yarda da su a juyar da ita. Ya koyi ɗaura sarƙar a gida da rana, domin gefen hanya cikin duhu da yatsu a daskare ba wurin koyo ba ne, kuma da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa. Ya cika tanki kafin ya fara hawa, ya sa bargo da ruwan sha da abinci a mota, don tafiyar awa biyu takan koma awa takwas. In ya maƙale, ya zauna cikin motar, kada ya fita neman taimako a ƙafa. In zai kunna inji don ɗumi, ya fara fita ya share bakin salansa, domin in dusa ta toshe shi hayaƙin cikin mota yake komawa, kuma gubar nan ce da ke kashe iyali a nan gida idan aka kwana da janareta a cikin ɗaki. Ba ta da wari, barci kawai take sa mutum.

Ya kuma yi hattara da safiyar da ta biyo bayan hadarin. Sama takan washe, rana ta fito, amma daren da gajimare ya janye shi ne ya fi sanyi, ruwan da ya narke jiya ya daskare a kan kwalta ya zama siriri kamar ba komai, musamman a kan gadoji da kwanonin da inuwa ta rufe. Gara ya bari sai hantsi ya yi sosai kafin ya tashi, ya kuma duba ranar dawowa tun kafin ya tafi, tunda sanarwar ta ce akwai wani hadarin a bayan wannan.